Kwalba ta Shida

Ɗakin gwajin jini na asibitin a ƙarƙashin ƙasa yake. Wanda ya zana ginin, Allah ya yafe masa, taga ɗaya tak ya ba su, can sama dab da rufi, wadda daga waje daidai take da idon sawun masu wucewa. Shi ya sa matar da ke shugabantar ɗakin, wadda kowa ke kira Uwarɗaki, ta shekara goma sha tara tana sanin mutane ta takalmansu tun kafin ta ga fuskokinsu. Ta san silifas ɗin masu shara, ta san ƙwas-ƙwas ɗin ma'aikatan ofis, ta kuma san fararen takalman roba na wani mahauci da ya yi wata huɗu yana zarya wurinta.

Amma ba mahaucin ne ya hana ta sukuni a watan nan ba. Mijinta ne. Malamin dabbobi ne, ƙaton mutum da ke riƙe ƙahon bijimi yana hira da mai shi, ga shi wata uku zazzaɓi yana wasa da shi yadda ya ga dama. Da safe garau yake tashi, har ya tsokane ta a kan ta cika wa shayi sukari. La'asar na yi sai sanyi ya kama shi, ya nemi bargo, can kuma gumi ya jiƙa shi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ƙugu ciwo, gwiwa ciwo. An ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro har sau uku, ko gezau. Ya huda wa bel ɗinsa sabon rami, bayan mako biyu ya huda wani.

Ita kuwa ai ba a banza ta tsufa a ɗakin nan ba. Ta san akwai wata cuta da ke sa shanu ɓari, wadda kan tsallako jikin masu taɓa mahaifa da ɗanyen jini, ta zame musu zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ta san in an gano ta da wuri akwai magani, in kuma an bar ta takan sami wani lungu a jiki ta zauna, wani lokaci a ƙashin baya, wani lokaci a zuciya. Don haka wata safiya ta ɗebi jininsa a gida, ta zo da shi a jaka. Ranar tana da taro a hawa na biyu, sai ta miƙa wa abokin aikinta kwalbar a bakin ƙofa.

Abokin aikin nan dattijo ne mai furfura a gemu, ana ce masa Yanzu-Yanzu, domin ba a taɓa tambayarsa yaushe aiki zai kammala ya ba da wata amsa daban ba.

"Goya min wannan," ta ce. "Na maigida ne. Gwajin cutar shanu."

"Yanzu-yanzu, ranki ya daɗe."

Goyo kalmar ɗakin ce. Doka ta ce kada a ga kwalba a kan tebur ba lamba, lamba kuma sai da takardar likita, takardar likita sai an bi layi. To, in ma'aikaci ya kawo jinin nasa, uwa ko ɗa ko miji, sai a rubuta masa lambar wani majiyyaci da aka riga aka buɗe wa, a gwada, a gaya wa mai shi da baki, a zubar. Ba ya shiga rajista, ba ya shiga firiza. Goyo ba ya kwana. Ba daidai ba ne, kowa ya sani, kowa kuma ya taɓa yi.

Gwajin kansa ba wuya. A bar jini ya daskare, a juya shi a inji har wani ruwa mai rawaya-rawaya ya taso sama. In mutum yana ɗauke da cutar, jikinsa yakan ƙera wasu 'yan mayaƙa da ba su san kowa ba sai ƙwayar cutar nan, suna yawo cikin wannan ruwa. Sai a ɗiga ruwan a kan farin tayil, a ɗiga masa wani shuɗin ruwa mai ɗauke da matattun ƙwayoyin cutar, a gauraya, a riƙa karkata tayil ɗin a hankali minti huɗu. In mayaƙan suna nan za su cafke ƙwayoyin, su ɗaure wannan da wancan, ɗigon ya yi gudaji kamar madarar da ta lalace. In ya zauna sumul, an rubuta babu.

Da ta sauko daga taro, Yanzu-Yanzu ya tare ta a matakala. "Babu," ya ce. "Sumul. A je a yi wa Malam albishir."

Albishir ɗin ne bai tafi yadda ya kamata ba. Ta tarar da shi da la'asar a falo cikin bargo, mahaifiyarsa, wadda ta zo jinya ta zauna, tana yi masa fifita da hannu ɗaya tana ja masa bargo da ɗayan. Da ta faɗa masa, sai ya ɗago kai ya ce, "Kin tabbata? Ina jin abin a jikina fa."

Gajiya ce ta yi magana, ko girman kai ne, ita ma ba ta sani ba. "Jini ba ya ƙarya," ta ce. "An duba na sauro babu, an duba na hanji babu, yanzu wannan ma babu. Wataƙila abin ba a jiki yake ba, Likitan Shanu. Ka rage sa wa kanka tunani."

Mahaifiyarsa ta dube shi, ta daina fifitar. Daga ranar bai ƙara cewa wash a gabansu ba. In sanyi ya zo sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Wannan shirun ya fi ƙorafin tayar mata da hankali, tana tsoro ƙwarai, amma ba ta san ta inda za ta janye maganarta ba.

Haka aka yi mako biyu. Ran ashirin da bakwai ga wata, da hantsi, Yanzu-Yanzu ya tafi sito karɓo safar hannu, wanda ke nufin sai an ga dawowarsa. Tana ita kaɗai, firiza tana gurnani a kusurwa, sai aka ƙwanƙwasa ƙaramar tagar katako ta jikin ƙofa da ake miƙo takardu. Wata mata ce, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da tef ɗin awo na tela rataye a wuyanta kamar ta manta da shi.

"Sannu da aiki. Ke ce babbar ɗakin nan?"

"Ni ce. Ina takardarki?"

Matar ta kwance wata leda, ta jera takardu biyar a kan katakon. Duk sun yi laushi don ninkewa da buɗewa. Duk lamba ɗaya, 4417. Duk an rubuta babu, da hatimin Uwarɗaki a ƙasa.

Ta gane su tun kafin ta karanta. Na mahaucin ne. Dattijo ne dogo, mai yatsa huɗu a hannun hagu, kullum da kwat ko ana zafi. Yakan zauna a benci na baranda, wuri na uku daga ƙofa, ko da sauran wuraren ba kowa. Bai taɓa ɗaga murya ba. In ta miƙa masa takarda sai ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce, "Malama, ki ƙara dubawa. Yana nan. Ina jin sa yana tafiya." Ita kuma ta ce, "Baba, abin da ido ya gani shi muke rubutawa." Ya yi godiya ya tafi, bayan mako uku takalman su sake wucewa ta taga.

"Mahaifina ne," matar ta ce. "Ya rasu ran tara ga wata, a ɗakin maza na sama. Likita ya ce wata ƙwayar cuta ce ta cinye masa ƙofar zuciya, amma ba su gano ko wacce ba ce."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin, na gode. Ba faɗa ya kawo ni ba. Saƙo ya bari. Ana gobe zai rasu ya ce, ki kai wa matar ɗakin ƙasa takardun nan, ki ce ta ƙara dubawa. Na ce Baba, me ya rage a duba? Ya ce ke dai ki kai." Ta ninke ledar ta sa a jaka. "Sai yau na sami ƙarfin zuwa. Na sauke nauyi."

Ta tafi ta bar takardun.

Abin da ya fara zo wa Uwarɗaki haushi ne, gaskiya. Mutum ya dame ka yana raye, ya mutu ya aiko a ci gaba. Ta tattara takardun za ta jefa a aljihun tebur, sai hannunta ya ƙi. Saƙon mamaci yana da nauyi, ko ga mai farar riga. Ta tsaya ta dubi firiza. Ana ajiye ragowar ruwan jinin kowane majiyyaci wata shida kafin a zubar, saboda haka nasa suna nan.

Ta buɗe. Hayaƙin sanyi ya kwararo kan ƙafafunta. Ta jawo tiren 'yan dubu huɗu, ta goge ƙanƙara da babban yatsa, ta bi lambobi. Ga 4417. Ta ƙirga ƙananan kwalaben da ke jere. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Ta sake ƙirgawa daga ɗayan gefen. Shida dai. Ta ɗauko rajista ta bi shafi-shafi, sau biyar aka shigar da shi, daidai da takardun da ke kan tebur. Ta ɗaga ta shidan zuwa haske. Rubutun baƙin alƙalamin da suke amfani da shi ne, lambobin manya-manya yadda dukkansu suke rubutawa. A ƙasan lambar an sa kwanan wata. Sha ɗaya ga wannan wata.

Ya rasu ran tara.

Ta leƙa baranda ta tagar katako. Ba kowa a bencin, fitila ɗaya tana ƙyaftawa kamar kullum. Ta ce wa kanta kuskuren rubutu ne, wani ya so rubuta ɗaya ya rubuta sha ɗaya. Amma ran ɗaya ga wata hutu ne, ɗakin a kulle yake. Tsoro yana toshe lissafi. Kanta ya tsaya a kan tara da sha ɗaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Aiki ne maganin irin wannan, don haka ta sa safar hannu ta jera kwalaben a ruwan ɗumi suka narke. Ta goge tayil. Ɗigo shida, shuɗin ruwa shida, ta karkata minti huɗu tana kallon agogo. Dukkansu sumul. Har ta ji wani ɗan sanyi a ranta. To, Baba, an ƙara dubawa.

Tana shirin wanke tayil ɗin sai ta lura da yadda suka yi sumul ɗin. Na mai lafiya yakan ɗan yi kamar ƙura-ƙura a gefe in ya fara bushewa. Waɗannan ko wannan babu. Santsinsu ya yi yawa. Sai wani abu da ta bari tun a makaranta ya taso mata, wani malami siriri yana tsaye gaban jerin kwalabe yana buga tebur da alli. Kowane mayaƙi hannu biyu gare shi, in ji shi. Gudaji ba ya samuwa sai ya kama ƙwaya ɗaya da dama, wata da hagu, ya haɗa su. To in mayaƙan suka yi yawa fiye da kima, sai su yi wa kowace ƙwaya rubdugu, kowa ya sami wurin sa hannu ɗaya kawai, ɗayan hannun yana lilo ba abin kamawa. Ba wanda ya haɗu da wani. Ido ya ga sumul. Kalmar babu iri biyu ce, in ji shi, akwai ta rashi, akwai ta yawa. Wanda ya fi kowa ciwo shi ne zai fi kowa kama da mai lafiya, sai an sirka ruwan jininsa an rage cunkoson.

Da can suna sirkawa. Kowane babu sai an bi shi da ruwan gishiri, rabi, rabin rabi, har gida takwas. Shekara takwas da suka wuce aiki ya yi musu yawa, mutane suna cika baranda har matakala, ita da bakinta ta ce a daina, ɓata lokaci ne, ba ta taɓa ganin ya canza komai ba. Sauri ya haifi nawa. Ta tuna har inda take tsaye ranar da ta faɗa.

Ta ɗauko babban tayil mai gida goma sha biyu. Ta ɗiga ruwan gishiri a kowane gida. Ta ɗauki kwalbar farko, ta watan da ya fara zuwa, ta sa ɗigo a gidan farko ta gauraya, ta ɗebi rabi ta kai na biyu, daga na biyu zuwa na uku, haka har ƙarshe. Ta bi su da shuɗin ruwa. Ta ɗauki tayil ɗin da hannu biyu ta fara karkatawa.

Gidan farko sumul. Na biyu sumul. A na uku, wajen minti biyu, sai shuɗin ya fara tsattsagewa. Na huɗu ya fashe ya yi gudaji ɓaro-ɓaro, wanda ko makaho ya shafa zai ji. Na biyar haka, na shida haka.

"Innalillahi," ta ce a fili, ba kowa a ɗakin.

Ta wanke, ta yi ta biyu. Gudajin ya kai gida na bakwai. Ta uku, na takwas. Tana yi tana ganin mutumin a idonta, wata bayan wata, kwat ɗin yana ƙara yi masa yawa, yana riƙe takarda da hannu biyu. Duk lokacin nan jininsa ihu yake yi, ita kuma tana buga hatimi. Ta biyar, wadda aka ɗiba kwana ashirin kafin ya rasu, sai a gida na biyar ta fara nunawa, ta tafi har na goma sha ɗaya.

Saura ta shida. Ta daɗe tana kallonta. Ruwan cikinta ya fi na sauran haske kaɗan.

Tana cikin karkata tayil ɗin sai hasken ɗakin ya ragu, kamar yadda yake yi in wani ya tsaya a bakin taga. Masu wucewa wucewa suke yi, inuwarsu ta gifta ta tafi. Wannan ta tsaya. Uwarɗaki ba ta ɗaga kai ba, don in ta daina karkatawa gwajin ya lalace, haka ta gaya wa kanta. Minti ɗaya. Minti biyu. Gida na biyar ya fashe, na shida, na bakwai, abin ya bi layi kamar ana kunna fitilu. Ya kai na goma sha biyu, gidan ƙarshe, yana nan da ƙarfinsa, tayil ne ya ƙare. Sannan ta ɗaga ido. Fararen takalman roba ne guda biyu, an haɗa su wuri ɗaya, bakinsu yana fuskantar ɗakin. Suka juya a hankali suka tafi.

Masu aikin kicin ma suna sa irinsu. Masu wankin zannuwa ma haka. Ta faɗa wa kanta wannan har sau uku, tana riƙe da gefen tebur.

Ƙarar ƙofa ta sa ta zabura har ta kusa kifar da tayil. Yanzu-Yanzu ne, da kwali a kafaɗa.

"Wallahi mutanen siton nan, sai ka ce da haƙori suke ƙirga safar. Ranki ya daɗe, lafiya? Kin yi fari kamar rigarki."

Ta ɗaga kwalbar. "Wa ya ɗebi jinin mahauci ran sha ɗaya?"

Ya ajiye kwalin, ya gyara tabarau, ya karɓa ya duba. Sai ya dafe goshi. "Kash. Ashe firiza na sa ta? Tsufa ya zo. Na haɗa ta da sauran ne da zan tashi. Ai wannan ba jinin mahauci ba ne, ranki ya daɗe. Goyonki ne. Na Malam."

Ta dubi gida na goma sha biyu, inda gudajin ya fara bushewa a gefe. Ta dubi kwalba ta biyar, ta mutumin da ya rage masa kwana ashirin. Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi. Kwana goma sha shida ke nan da ɗibar jinin mijinta.

"Me ya sa lambarsa?" Muryarta ta fito siririya. "Duk lambobin da ke ɗakin nan?"

"Takardarsa na tarar a saman tire. Shi kuma yana zaune a benci, wurinsa na kullum. Na leƙa na ce Baba, yanzu-yanzu, bari in gama wannan. Sai na ari lambar, tunda ita ce a gabana. Da na gama na fito in ɗebi nasa, ya tafi."

"Ya rasu ran tara."

Yanzu-Yanzu ya yi 'yar dariya, ya jira ta taya shi. Da ya ga takardu biyar ɗin a kan tebur dariyar ta tsaya. Ya zauna a kan kwalin safar.

"Ko wani ne mai kama da shi," ya ce. "Barandar nan ba haske."

"Ya yi maka magana?"

"Bai yi ba." Ya shafa gemu. "Da baki ya nuna min tiren. Hannunsa na kan gwiwa. Na hagun." Ya yunƙura zai tashi. "Takardar na aljihun teburina, na ajiye masa ko zai dawo. Bari in ɗauko."

"Bar ta."

Ba ta son gani, kuma ba ta da lokacin matattu. Tsoron da ya cika ta ɗazu ya zama ƙarami a gaban wanda ya zo yanzu. Ta cire safar, ta kira wayar mijinta. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Ta kira ta surukarta.

"Mama, ina yini. Yana kusa? A ba shi."

"Ai ya fita tun safe, 'yar nan. Gonar shanun nan ta bayan gari, wai wata saniya ta kasa haihuwa. Kwana uku ke nan yana fita."

"Da wannan jikin? Mama, me ya sa ba ku hana shi ba?"

"Na hana shi da me? Ya ce tunda ba abin da ke damunsa, zaman me zai yi. Ai ke kika ce lafiyarsa ƙalau." Tsohuwar ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. "Ni ma na ce masa ya daure, namiji ne."

Uwarɗaki ta juya wurin Yanzu-Yanzu tana cire farar riga. "Ka hau sama ka sami babban likita, ko a tsakiyar zagayen duba majiyyata yake. Ka nuna masa tayil ɗin nan. Ka ce a tanadi gado, a kira mai hoton zuciya. Ka buɗe wa maigida lamba tasa, da sunansa. In ka sauko, duk wani babu na wata shida ka fito da shi ka sirka."

"Yan..." Ya haɗiye sauran. "To."

Motar haya ta sauke ta a bakin gonar ana dab da la'asar. Wani ma'aikaci mai ɗauke da bokiti ya ce Malam ya gama tun ɗazu, ɗan maraƙin bai zo da rai ba, ya ce zai ɗan sha iska a bayan rumfa. Ta bi ta gefen garke tana nutsewa cikin taɓo da takalmin ofis.

Yana zaune a kan kifaffen bokiti, ya jingina da bangon kwano, inda ba mai ganinsa. Ya lulluɓa da buhun abincin shanu guda biyu, haƙoransa suna haɗuwa. Ya cire takalma ya ajiye a gefe, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Da ya gan ta sai ya yi sauri ya ture buhunan, ya gyara zama, kamar wanda aka kama yana sata. Wannan ne ya karya mata zuciya.

"Hutawa nake yi," ya ce. "Yanzu zan tashi. Me ya fito da ke daga raminki?"

Ta durƙusa a taɓon, ta buɗe maɓallan rigarsa, ta sa kunne a ƙirjinsa. Shekara ashirin da biyu tana jin bugun zuciyar nan, ta san ta. Yau tsakanin bugu da bugu akwai wani huci, fuu, fuu, kamar iska na fita daga taya.

"Ke, mutane za su gani."

"Akwai," ta ce, ba ta ɗago ba. "Cutar shanu ce. Tana nan da yawa, yawan ne ya ɓoye ta. Ni ce ban duba yadda ya kamata ba. Ka yafe mini."

Ta jira ya yi fushi, ta fi son ya yi. Sai ta ji ƙirjinsa ya sauka a hankali, ya jingina kai da kwanon ya rufe ido.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ashe ban haukace ba. Wallahi na fara yarda da ke. In sanyin ya zo sai in ce wa kaina ƙarya kake yi, tashi." Ya numfasa, numfashin bai kai ƙasa ba. "Akwai magani?"

"Akwai."

"An makara?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta rufe. "Ban sani ba," ta ce. "Sai an duba."

Ya gyaɗa kai, kamar wannan amsar ta fi masa daɗi. "To. Amma Mama, ke za ki gaya mata da bakinki. Ta daina yi min irin kallon nan."

Ta ce za ta gaya mata. Ta kama hannunsa don ta ɗaga shi, ya yunƙura sau biyu bai tashi ba, sai ta juya ta ƙwala wa ma'aikatan kira su kawo mota har bayan rumfa.